Tun da jarinsa ya karye ya daina yi mini magana, ni kuma na kasa daina bibiyarsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, ina zaune a Kano. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana atamfa da shadda yake sayarwa, kuma da muna cikin rufin asiri. Tun da kaya suka yi tsada jarinsa ya dinga narkewa, har bara ya saki shagon saboda kuɗin haya. Yanzu dillanci yake yi a shagon wani abokinsa, wata rana a samu, wata rana a tashi haka nan. Ni malamar firamare ce, albashina dubu tamanin da 'yan kai, ina kuma yin zoɓo da kunun aya. A takaice yanzu ni ke riƙe da tukunya.

Ba rashin kuɗin ne ya fi damuna ba, mutumin ne ya canza. Yana fita kafin yara su tashi, ba ya dawowa sai wajen sha ɗaya na dare. In na tambaye shi me ke damunsa sai ya ce ba komai. In na matsa sai ya ɗauki hularsa ya tafi majalisa. Shimfiɗa ma ya ƙaurace mata. Ni kuma na zama wata iri. A yini sai in kira shi sau goma sha biyar, in bai ɗaga ba jikina ya hau rawa. In ya yi barci sai in ɗauki wayarsa in bincika. Ban taɓa ganin komai ba sai saƙonnin masu bin sa bashi, amma gobe sai in sake. Ran nan da muka yi faɗa na ce masa ai ni nake ciyar da gidan nan, a gaban babbar 'yarmu. Tun daga ranar bai ƙara cin abincina ba.

Ina da shekara tara mahaifinmu ya yi karayar arziki ya tafi Kudu nema, sai takardar saki ya aiko wa mahaifiyarmu. Kullum ji nake abin zai maimaita a kaina. Ƙawata ta ce aure zai ƙara, in yi yaji in ga ko zai zo biko. Yayata ta ce in daina kashe ko sisi. Anti, ya daina sona ne? Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da tambayar da ke hana ki barci. A duk abin da kika rubuto ban ga alamar namijin da ya daina son matarsa ba. Kin daɗe kina bincika wayarsa, abin da kike tararwa saƙonnin masu bin bashi ne. Kin faɗa masa magana mai zafi, ya kasa haɗiye abincinki. Namijin da bai damu da mace ba ci zai yi ya share baki ya tashi, maganarta ba za ta tsaya masa a maƙogwaro ba. Abin da nake gani mutum ne da kunya ta danne har ya rasa da wane ido zai kalle ki. Wannan bai wanke shi ba, zan zo kan nasa laifin. Amma cutar da ƙawarki ta ambata ba ita alamun suka nuna ba, don haka maganinta ba zai yi miki aiki ba.

Ki fara fahimtar abin da ya same shi a kasuwa, don kada ki ɗauka sakaci ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi, dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta zarce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ga mai sayar da kayan da yawancinsu daga waje ake shigo da su, abin da ke faruwa shi ne ya sayar da dila har da riba, ya koma sari ya tarar kuɗin gaba ɗaya, uwa da riba, ba su isa sayen irin dilar da ya sayar ba. Sai ya sari ƙasa da ita. Zagaye uku ko huɗu a haka kanta ta zama wayam, alhali bai yi almubazzaranci ba. Masu saye kuma sun ja baya, domin wanda ke neman kuɗin masara ba ya tunanin sabon ɗinki.

Masana sun bi diddigin yadda irin wannan matsi ke shiga ɗakin ma'aurata. A ƙarshen shekarun 1980, bayan bashi ya karya manoma da yawa a jihar Iowa ta Amurka, Rand Conger da abokan aikinsa suka bi ɗaruruwan iyalai shekara da shekaru. Sun ga cewa babu ba ta raba aure kai tsaye. Tana fara jefa mutum cikin ƙunci da saurin fushi, ƙuncin ya rage tausasawa ya ƙara zafin baki, daga nan aure ya yi rauni, har abin ya gangaro kan yara. Sun kuma ga cewa ma'auratan da ke tallafar juna, suka iya zama su warware matsala tare, matsin bai yi musu ɓarna kamar sauran ba. Ke ba ki da iko da farashin dala, amma wannan tsakiyar, inda ƙunci ke rikiɗewa ya zama faɗa, tana hannunku ku biyu.

Yanzu ga abin da ke sa jikinki rawa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya bayyana cewa an halicci ɗan Adam da neman wanda zai jingina da shi in tsoro ya zo. Mary Ainsworth, wadda ta zauna a Yuganda a shekarun 1950 tana shiga gidaje tana lura da uwaye da jariransu, ta nuna cewa yadda aka amsa kukan yaro yana koya masa abin da zai yi tsammani daga mutane. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa wannan ɗabi'a tana bin mutum har cikin soyayya da aure. Wanda ya tashi da natsuwa, in abu ya dame shi yakan faɗa, ya nemi taimako, ya yarda za a amsa. Wanda bai samu natsuwar ba yakan karkata ɗayan ɓangare biyu. Wani fargabar a bar shi ce ke cin sa, sai ya yi ta bibiya, ya yi ta neman a tabbatar masa, ƙaramin shiru ya zame masa alamar rabuwa. Wani kuma ya koyi cewa nuna buƙata abin kunya ne, in abu ya yi zafi sai ya rufe bakinsa ya ja jiki. Lokacin wadata waɗannan halaye kan kwanta, har a yi shekara goma ba a gan su ba. Tsanani ne ke tashe su.

Ke kina da shekara tara kika ga karayar arziki ta zo, uba ya tafi, takarda ta biyo baya. Zuciyarki ta haɗa abubuwan nan uku ta ɗaure wuri ɗaya. Da jarin mijinki ya karye, sai ta fara jiran na biyu da na uku. Wannan ba hauka ba ce, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Amma ki lura da wani abu: mahaifinku tafiya ya yi, mijinki kuwa kullum da dare yana dawowa. Yana makara, yana shiru, amma ƙofarki yake ƙwanƙwasawa.

Za ki ji ana cewa haka maza suke, haka mata suke. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna maza sun ɗan fi karkata wajen ja da baya, mata wajen fargaba, amma bambancin ƙarami ne, kuma gidajen da mijin ne mai bibiya matar ce mai shiru suna da yawa. Andrew Christensen da abokan aikinsa, waɗanda suka yi nazarin wannan hali na ɗaya ya matsa ɗaya ya janye, sun ga cewa wanda ke neman a canza wani abu shi ya fi matsawa, kuma in maganar da ake yi buƙatar miji ce bambancin kan ragu. Ke nan ba jini kaɗai ba ne, akwai matsayin da kowa ke tsaye a kai. A wajenmu an tarbiyyantar da namiji cewa ba ya kuka, kuma mutuncinsa a gida yana cikin kuɗin cefanen da yake ajiyewa da safe. Ranar da ya kasa, ji yake an tuɓe masa riga a kasuwa. Mace kuma ɗakinta da zamanta da 'ya'yanta da matsayinta a dangi duk sun rataya a kan auren, saki yana hannunsa, ƙarin aure yana hannunsa. Matsala ɗaya ce ta shigo gidanku, shi ta taɓa masa mutunci, ke ta taɓa miki kwanciyar hankali.

Shi ya sa kuke zagaye wuri ɗaya. Ya yi shiru don kunya, ke ki fassara shirun da cewa zai tafi, sai ki kira. Shi kuma wayarsa ta riga ta zame masa abin tsoro, domin duk ƙarar da ta yi zai iya zama mai bin bashi ne, in ya ga ke ce sai ya ɗauka za ki ce wani abu ya ƙare. Sai ya ƙi ɗagawa. Ƙin ɗagawar ya tabbatar miki da zarginki, ki ƙara kira, ki tare shi da tambayoyi a bakin ƙofa, shi kuma ya ƙara jinkirta dawowa don ya tarar kin yi barci. Kowannenku abin da yake yi don ya kare kansa shi ne ainihin abin da ke firgita ɗayan. Ke kika rubuto, don haka ta ɓangarenki za mu fara, ba don laifinki ya fi yawa ba.

Abu na farko shi ne maganar nan da kika faɗa a gaban 'yarku. Gaskiya ce, amma an faɗe ta don ta yi ciwo, kuma ta yi. Ki ba shi haƙuri a kanta ita kaɗai, a taƙaice, lokacin da kuke ku biyu. Kamar ki ce: "Abban yara, maganar da na faɗa ran nan a gaban yarinya ban kyauta ba, ka yafe mini. Shekara goma kai ka riƙe gidan nan, ban manta ba." Daga nan ki yi shiru. Kada ki ɗora da "amma kai ma", domin wannan kalmar tana goge duk abin da ya gabace ta. Kada kuma ki tsaya jiran amsa, mai yiwuwa ya ce ba komai ya juya, ki ci gaba da ajiye masa abincinsa a inda ya saba. Ita ma yarinyar ki gaya mata cewa fushi ne ya sa ki faɗa, kuma babansu yana iyakar ƙoƙarinsa. In kuna aiken yara da saƙon kuɗi, irin je ki ce wa babanki sabulu ya ƙare, ku daina daga yau. Yana ƙasƙanta shi a idonsu, su kuma yana ɗora musu irin nauyin da kika ɗauka kina 'yar shekara tara.

Bayan kwana biyu ko uku, ba a zama ɗaya ba, ki gaya masa tsoronki maimakon ki tuhume shi. "Ina ka tsaya?" tuhuma ce, kuma amsarta kare kai. Ki ce masa: "In na kira ba ka ɗaga ba, abin da ya faru da Babanmu nake tunawa, sai in ji kamar kai ma tafiya za ka yi. Ba kuɗi nake kira in tambaya ba." Mai yiwuwa bai taɓa haɗa kiranki da wancan labarin ba. Sai ki nemi abu ƙarami wanda zai iya yi ko aljihunsa babu komai: ke za ki rage kira zuwa sau biyu a yini, bayan azahar da bayan magariba, shi kuma in ba zai iya ɗagawa ba ya yi miki filashin, in zai wuce ƙarfe tara ya turo saƙo ko na kalma biyu ne. Mai fargaba abin da ke kwantar masa da hankali shi ne abu ya zo a lokacin da aka ce zai zo. Mai ja da baya kuma abin da ke sa ya matso shi ne ya san buƙatar tana da iyaka.

Makon farko zai yi miki wuya, ki sani tun yanzu. Hannunki zai yi ta kaiwa ga waya. In abin ya taso, ki duba agogo ki ba kanki minti ashirin kafin ki yi komai, domin bugun zuciyar nan yakan kai ƙololuwa ya sauka da kansa in ba a biye masa ba. A cikin mintunan ki yi alwala, ko ki kama wani aikin hannu, ki shaƙi numfashi kina ƙirga huɗu ki fitar kina ƙirga shida. Ki ajiye ɗan littafi ki rubuta layi uku: abin da ya faru, abin da zuciyarki ta ce yana nufi, da wasu dalilai biyu da za su iya jawo shi. Bai ɗaga ba. Zuciya ta ce yana wajen wata. Wataƙila yana tsakiyar ciniki, wataƙila ya kashe ƙarar wayar saboda masu bashi. Da dare ki rubuta abin da ya tabbata. Bayan wata guda ki karanta daga farko, ki ga sau nawa zuciyar ta yi gaskiya.

Binciken wayarsa kuwa ki bar shi gaba ɗaya. Allah Ya hana bin diddigin asirin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12. Bayan haka ma ba ya warkar da komai. In ba ki ga komai ba kina samun sauƙi na 'yan sa'o'i, sai zuciya ta ce ai gogewa ya yi, gobe ki koma da ƙishirwar da ta fi ta jiya. Ranar da ya kama ki kuma, ɗan amincin da ya rage zai tafi. In maganar ƙarin aure tana cin ranki, ki tambaye shi baki da baki sau ɗaya, cikin natsuwa, ki karɓi amsarsa, ki bar ayyukansa su gaskata ta ko su ƙaryata ta.

Sai kuɗi, wanda ya kamata ku ware masa lokacinsa don ya daina malala cikin kowace hira. Mafi munin lokacin maganar kuɗi shi ne da safe yana saka takalmi, da kuma daren da ya shigo a gajiye bai ci komai ba. Ku tsayar da zama ɗaya a mako, rabin sa'a, bayan yara sun kwanta, da littafi da biro. Shafi ɗaya abin da ke shigowa daga gare ku duka. Shafi na biyu abin da ba makawa: hatsi, gawayi, haya, magani, makaranta. Na uku abin da zai iya jira, har da anko da gudummawar biki. Na huɗu basussuka, wa ke bi, nawa, yaushe aka yi alkawari. Wannan shafin ne zai fi yi masa nauyi, kuma mai yiwuwa adadin ya fi yadda kike zato. In kika zaro ido kika yi salati a zaman farko, ba zai sake buɗe miki ba, don haka ki shirya fuskarki tun kafin ya faɗa. In murya ta fara tashi ku dakata minti ashirin, amma wanda ya nemi a dakata shi zai faɗi lokacin da za a dawo. Wannan sharaɗin shi ke bambanta hutu da gudu.

A kan basussukan, ya fi masa ya je ya sami masu bin sa kafin su zo, da ɗan abin da zai iya bayarwa duk wata ko duk mako, da wani dattijon kasuwa a matsayin shaida. Mai bashi ya fi haƙuri da wanda yake gani a kan wanda ke ɓuya, kuma Suratul Baƙara aya ta 280 ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ku nisanci manhajojin ba da rance na waya. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, wasunsu kuma in an makara sukan tura saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayar mutum.

Yayarki tana da gaskiya a abu ɗaya: ciyarwa wajibin miji ne, dukiyarki taki ce. Amma janye hannu gaba ɗaya yara zai fara cutarwa, kuma zai mayar da tukunya filin daga. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika a tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Abin da nake so ki yi shi ne ki sa wa taimakon iyaka da suna. A albashinki, misali, dubu arba'in da biyar na tukunya, dubu goma sha biyar kuɗin mota da buƙatunki, dubu goma adashi da sunanki, dubu goma na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya. Ki daidaita adadin da halin gidanki, amma kada kason adashin ya koma sifili. Uwar kuɗin zoɓo kada ki taɓa, riba kawai. Matar da ta ga an bar uwarta hannu wayam tana buƙatar sanin cewa tana da wani abu a gefe, kuma wannan sanin kansa yana rage rawar jiki. Na cefane ki ƙudurta shi kyauta ne don Allah, don kada ya dawo bakinki ranar faɗa. In kuma zai karɓi wani abu babba don jari, kamar ɗan kunnenki na gwal ko kuɗin adashinki, ku kira shi rance, ku rubuta, da shaida, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta koyar. Abin da ke ɓata zumunci shi ne ke kina lissafa shi bashi, shi yana lissafa shi kyauta.

Shi kuma ya ɗauki wani abu tsayayye da sunansa, komai ƙanƙantarsa: kuɗin Islamiyya, ko gawayi, ko kuɗin tarar yara. Ya ƙara da abin da ba ya cin kuɗi, kamar biya wa yara karatu bayan asuba da cin abincin dare a gida sau uku a mako. Namijin da ya ga babu abin da ake jira daga gare shi a gida sai abin da ba shi da shi, majalisa zai koma. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma umarnin zama da mata da kyautatawa da ke Suratun Nisa'i aya ta 19 bai faɗi don jari ya karye ba. A nan laifinsa yake. Ya bar ki da tukunya da yara huɗu da tsoro, ya hana ki ko bayani. Kina da haƙƙin ki ce masa babu za ki iya jurewa, shirun ne ba za ki iya ba.

Game da shimfiɗa, damuwa da rashin barci da ƙuncin rai suna kashe sha'awar namiji, har su hana shi iyawa, kuma wanda abin ya taɓa samu sau ɗaya yakan guji kusantar don kada ya sake jin kunya. Kada ki yi masa gori, kada ki kashe kuɗinki a kayan mata, shi ma kada ya sha magungunan ƙarfin maza na bakin titi, musamman in yana da hawan jini. Ku dawo da kwana wuri ɗaya da hira ba tare da sharaɗin komai ba tukuna.

Ki kuma sa ido a kan lafiyarsa. In ya wuce mako biyu ba ya barci ko yana farkawa tsakar dare, ya rame, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, yana cewa shi ba shi da amfani ko gara ya mutu ku huta, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Maganar mutuwa ba a jinkirta ta ko kwana ɗaya, ki sanar da ɗan'uwansa ku kai shi asibiti. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Maza da yawa ba sa yarda a ce musu damuwa, amma sukan yarda a je a auna jini saboda ciwon kai da rashin barci, daga nan likita ya ɗora. In kin ga layi ko maganar maye ko ƙwayoyi a aljihu, shi ma na asibiti ne. Ke ma in faɗuwar gaban ta hana ki barci ko koyarwa duk da matakan nan, ki je a duba ki.

Yajin gwaji kuwa ban goyi baya ba. Mutumin da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya gaza, in kika tafi zai ce ai kin yi gaskiya, ya kasa zuwa biko don kunyar iyayenki da rashin abin riƙewa a hannu. Ke kuma ki zauna a gida kina fassara rashin zuwansa da rashin so. Aure da yawa ya mutu a haka alhali babu wanda ya yi niyyar kashe shi. Barin gida yana da muhallinsa: in ya kai hannu jikinki, ko ya yi miki barazana, ko ya ƙwace katin albashinki da ƙarfi, ko ya samu ya ƙi ciyarwa da gangan. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, duk abin da na faɗa na lallashi ya tsaya, ki nemi waliyyinki, in ta kama a je Hisba ko kotu.

Ki ba tsarin nan mako shida zuwa takwas. Kada ki auna shi da ko ya zauna ya zazzage miki cikinsa, wannan yakan zo daga baya, wani ma ba ya zuwa da baki sai da aiki. Ki auna da ko yana filashin ɗin, ko lokacin dawowarsa ya matso, ko ya ci abincin, ko ya zauna zaman lissafi ko da rabinsu ne. Za a sami ranar da zai manta, za a sami ranar da za ki kira sau takwas, washegari ku koma kan tsari ba tare da shari'a ba. In wa'adin ya cika babu abin da ya motsa, sai a bi aya ta 35 a Suratun Nisa'i, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, kamar kawunsa ko limamin da ya yarda da shi, ba taron dangi ba, kuma ki sanar da shi kafin ki kai maganar don kada ya ji an kai ƙararsa a ɓoye. Ki tafi da littafin lissafin da buƙatu biyu ko uku bayyanannu, domin masu sulhu sun fi iya ɗaure mutum a kan "ya dawo kafin tara, ya zauna lissafi ranar Juma'a" fiye da a kan "ya canza hali". Allah Ya buɗa masa, Ya sanyaya miki zuciya.